Li Cingjau, Mawaƙiyar Ƙasar Sin

A can gabas mai nisa akwai wata babbar ƙasa wadda ake kira Sin. Tun zamanin da mutanenta suka shahara wajen ilmi da sana'a. Su ne suka fara yin takarda, su ne kuma suka fara buga littattafai. Labarin da za mu karanta yau na wata mace ne, mutuniyar ƙasar nan, wadda ta rasu shekaru fiye da 800 da suka wuce. Sunanta Li Cingjau, amma a littattafan ƙasashen waje za ku tarar an rubuta shi Li Qingzhao. Ba ta taɓa riƙe wata sarauta ba, duk da haka har yau yaran makarantun Sin suna haddace waƙoƙinta.

Jama'ar Sin a zamaninta

An haifi Li Cingjau cikin shekara ta 1084 a ƙasar Jinan, cikin lardin Shandung. A lokacin nan gidan sarautar Sung ne ke mulkin Sin, gidan da ya kafu tun 960. Babban birninsu shi ne Kaifeng, wanda mutanensa suka kai wajen miliyan guda. Birni ne na kasuwanni da gidajen shayi da makaɗa da mawaƙa, ba ya barci dare da rana.

Malaman Sin sun kasa jama'a kashi huɗu. Na fari su ne malamai, watau masana littattafai, waɗanda daga cikinsu ake naɗa hakimai da alƙalai da waziran fada. Na biyu manoma, domin su ke ciyad da ƙasa. Na uku masu sana'ar hannu, irin su maƙera da masaƙa da maginan tukwane. Na huɗu 'yan kasuwa, waɗanda aka sa ƙarshe ko da yake waɗansunsu sun fi hakimai dukiya. Babbar hanyar shiga sahun farko ita ce cin jarrabawar Sarki. Jarrabawar nan kuwa mai wuya ce ƙwarai, har mutum yakan yi furfura yana zama bai ci ba. Amma ɗan manomi ma yana da damar zama, in ya sami abin ɗaukar nauyin karatunsa.

Mace kuwa ba ta da ko wannan dama, kome iliminta. Abin da aka sa mata shi ne ta bi ubanta tana yarinya, ta bi mijinta in ta yi aure, ta bi ɗanta in mijin ya mutu. Matan manya suna zaune a cikin gida, suna saƙar alharini da ɗinki da kula da yara, matan talakawa kuwa suna fita gona da kasuwa saboda larura. A zamanin nan ne kuma al'adar ɗaure ƙafafun 'yan mata don su zauna ƙanana ta soma yaɗuwa a gidajen masu hali, al'adar da ba a rabu da ita ba sai cikin ƙarni na 20.

Ƙuruciyarta

Li Cingjau ta yi sa'ar gida. Ubanta, Li Gefei, malami ne wanda ya ci jarrabawar Sarki, yana aiki a Kaifeng, yana kuwa cikin almajiran babban mawaƙin nan Su Shi. Uwarta ma ta iya karatu da rubutu. Saboda haka yarinyar ta tashi cikin littattafai, ba wanda ya hana ta buɗe su. Ta karanta tarihin sarakunan da da waƙoƙin magabata, ta kuma koyi riƙe alƙalamin Sinawa, wanda na gashi ne, ana tsoma shi cikin tawada. Tun ba ta kai shekara ashirin ba abokan ubanta suka fara mamakin waƙoƙinta.

Irin waƙar da ta fi shahara da ita Sinawa na kiranta tsi. Ga yadda ake yinta: akwai karin waƙa wanda kowa ya sani, sai mawaƙi ya tsara sababbin kalmomi su hau karin nan daidai, gaɓa da gaɓa. Mata mawaƙa ne suke rera su a wajen biki da gidajen shayi, amma yawanci maza malamai ne ke rubutawa. Sau da yawa namiji yakan yi waƙa da bakin mace, kamar ita ce ke kewar mijinta. To, sai ga mace ta fito tana faɗin abin da ke zuciyarta da kanta. Waƙoƙinta na ƙuruciya suna maganar yawo cikin kwalekwale da maraice, da furannin lambu bayan ruwan dare, da tsuntsayen bakin tabki. Kalmominta masu sauƙi ne, irin na yau da kullum, sai dai ta san inda za ta ajiye kowace.

Aurenta

Cikin 1101 aka aurad da ita ga wani ɗalibin makarantar Sarki mai suna Jau Mingceng. Tana da shekara goma sha takwas bisa ga lissafin Sinawa, shi kuwa ashirin da ɗaya. Ko da yake ubansa babban mutum ne a fada, ɗalibin ba shi da kuɗi da yawa a hannu. Abin da ya fi so a duniya shi ne tsofaffin rubuce-rubucen da magabata suka sassaƙa a jikin duwatsu da tukwanen tagulla. Akan manna takarda mai laima a kan irin dutsen nan, a daddanna ta, a shafa tawada a bisa, sai rubutun ya fito fari tas. Ran ɗaya ga wata da ran sha biyar, sa'ad da aka ba ɗalibai hutu, sai ya jinginad da rigarsa ya karɓi kuɗin tagulla 500, masu huji a tsakiya, ya tafi kasuwar da ke ci a wani babban haikali na birnin. Ya sayo takardun nan da 'ya'yan itace, su zauna shi da matarsa suna ci suna nazari.

Wata rana wani ya kawo musu zanen furanni na wani shahararren mai zane na da, ya ce kuɗinsa 200,000. Suka ajiye zanen a gida suna ta kallo, suka rasa yadda za su haɗa kuɗin, tilas suka mayar wa mai shi. Kwana da kwanaki suna jin zafin abin.

Ana nan sai rigimar fada ta same su. Manyan Sung sun rabu ƙungiya biyu masu gaba da juna, ubanta yana ɗaya, surukinta Jau Tingji yana ɗayar. Cikin 1102 aka sa sunan ubanta cikin jerin waɗanda Sarki ya yi fushi da su, aka tuɓe shi. Ta rubuta wa surukinta waƙa tana roƙonsa ya ceci ubanta, amma ba ta yi amfani ba. Surukin ya hau har ya zama Waziri, sa'an nan shi ma abokan gaba suka ka da shi, ya rasu cikin 1107, 'ya'yansa suka rasa ayyukansu. Sai Jau Mingceng ya ɗauki matarsa suka koma gidansu na garin Cingjo.

Shekaru goma a Cingjo

Abin da ya zo musu da kamannin masifa sai ya zama alheri. Suka yi wajen shekara goma a garin nan, ba su da aiki sai littattafai. Duk littafin da suka samu sai su zauna tare su gwada shi da waɗansu kwafe, su gyara kurakuran masu kwafa. Kowane dare sukan yi aiki har kyandir ɗaya ya ƙare. Suna da wani wasa da suke yi bayan cin abinci. Sai a dafa shayi, ɗayansu ya ambaci wani al'amari na tarihi, a ga wanda zai faɗi littafin da yake ciki, da shafin, har da layin. Wanda ya ci shi zai fara shan shayi. Li Cingjau tana da kaifin hadda, sau da yawa ita ke ci, ta ɗaga finjalin tana dariya har shayin ya zube mata a jiki, ta tashi ba ta sha kome ba.

Da littattafai suka yi yawa sai mijin ya sa aka yi manyan kabad, aka kulle su, aka buɗe littafin lissafi. Mai son karatu sai ya nemi mabuɗi, a rubuta abin da ya ɗauka. Wannan bai yi wa Li Cingjau daɗi ba. Sai ta rage cin nama, ta bar sayen tufafi masu ado da kayan kwalliya, ta riƙa sayen littattafan kanta da abin da ta tara, waɗanda za ta karanta a kan gado ko a teburi ba tare da neman izini ba.

Cikin shekarun nan ne mijin ya tsara babban littafinsa, matarsa tana taimakonsa. Sunansa Jin Shi Lu, watau lissafin rubuce-rubucen da ke jikin tagulla da dutse. Yana da kashi 30, ya ƙunshi rubuce-rubuce 2,000. Amfaninsa shi ne, abin da aka sassaƙa a dutse tun zamanin da abin ya faru yakan gyara kuskuren marubutan tarihi da suka zo daga baya. Ita kuma ta rubuta wata maƙala a kan waƙar tsi, inda ta auna manyan mawaƙa maza ɗaya bayan ɗaya, ta nuna aibin kowa. Har Su Shi, malamin ubanta, bai tsira ba, gama a ganinta waƙoƙinsa ba sa hawa kari yadda ya kamata. Malamai da yawa sun ga wannan tsaurin ido ne a wajen mace.

Yaƙi ya zo

Sarkin da ya hau cikin 1100, mai suna Huizung, gwanin zane ne da kyawun rubutu, amma bai kula da tsaron ƙasa ba. A arewa kuwa waɗansu mahaya dawaki da ake kira Jurcen sun kafa daularsu mai suna Jin. Suka gangaro kudu, suka ci Kaifeng, cikin 1127 suka tafi da Huizung da ɗansa da ya gaje shi, da dubban mutanen fada, zuwa arewa a matsayin kamammu. Wani ɗan Sarkin ya tsira, ya hau gado da sunan Gauzung, ya gudu kudu. Jama'a suka bi shi, manya da talakawa.

A shekarar nan uwar Jau Mingceng ta rasu a birnin da yanzu ake kira Nanjin, ya zama dole iyalin su nufi kudu. Kayansu sun fi ƙarfin ɗauka, sai aka shiga zaɓe. Aka bar manyan littattafai masu nauyi, aka bar tukwanen da ba su da rubutu, aka bar zanen da ba na gwanaye ba. Duk da haka sai da aka cika amalanke goma sha biyar, aka haye kogin Huai da kogin Yangtse da su. Sauran kaya, cike da ɗaki fiye da goma, aka kulle su a Cingjo da niyyar a dawo a kwasa. Kafin ƙarshen shekara wuta ta cinye su ƙurmus cikin hargitsin yaƙi.

Aka naɗa mijin hakimin Nanjin, amma cikin 1129 waɗansu sojoji suka yi bore, ya tsorata ya sauka ta kan ganuwa da igiya cikin dare. Saboda wannan aka tuɓe shi. Ba a daɗe ba Sarki ya sake kiransa don a ba shi wani gari. Suka yi sallama a bakin kogi, ita tana cikin jirgi, shi yana kan gaɓa. Ta tambaye shi abin da za ta yi in abokan gaba suka matso. Ya umurce ta ta fara zubad da kayan gida, sa'an nan tufafi, sa'an nan littattafai da zane, sa'an nan tsofaffin tukwane, amma kayan girmama kakanni ta rungume su, ta rayu da su ko ta mutu da su. Ya hau doki ya tafi cikin tsananin zafi, zazzaɓi ya kama shi a hanya. Ta bi shi da sauri cikin jirgi, ta tarar ciwon ya ci ƙarfinsa. Ya rasu cikin wata na takwas na shekarar nan, tana da shekara arba'in da biyar, ba su da ɗa.

Gudun hijira

Ta aika da mafi yawan littattafan zuwa garin Hungjo, wajen wani surukinsu, don ta ga can ya fi aminci. Kafin shekara ta ƙare mayaƙan Jin suka ci garin, kayan suka salwanta. Bayan wannan sai tsegumi ya tashi, wai mijinta ya taɓa aika wa abokan gaba kyautar wata buta ta dutse mai daraja. Ta ji tsoro ƙwarai, ta yi niyyar miƙa wa Sarki dukan tukwanen tagullar don ta wanke sunan mijinta. Amma Sarkin kansa gudu yake yi daga gari zuwa gari, har ya shiga jirgin ruwa a teku. Ta yi ta binsa ba ta cim masa ba, tukwanen kuwa sojoji suka yi awon gaba da su a inda ta ajiye.

Abin da ya rage mata kwanduna ne kaɗan na zane da rubuce-rubuce, waɗanda take ajiyewa a ƙarƙashin gadonta. A garin Shaushing ɓarawo ya huda bangon ɗakin da take haya, ya ɗauke kwando biyar. Ta sa lada ga wanda ya samo, sai ga wani maƙwabci ya kawo naɗi goma sha takwas yana neman tukuici. Nan ta gane ɓarawon ba daga nesa ya zo ba.

Shari'arta da mijinta na biyu

Cikin 1132, tana fama da ciwo, ba mai kula da ita sai ƙanenta, wani ma'aikacin hukuma mai suna Jang Rujo ya nemi aurenta da daɗin baki, ta yarda. Ashe ragowar kayan tarihin yake so. Da ya ga ba su da yawa, ita kuma ta ƙi sakar masa su, sai ya shiga dukanta. A zamanin nan miji yana iya sakin matarsa cikin sauƙi, amma mace ba ta da wannan iko. Ta kuwa san wani asirinsa: ya yi ƙarya wajen faɗin yawan jarrabawar da ya zauna, ta haka ya sami aikinsa. To, dokar Sung ta ce matar da ta kai ƙarar mijinta za a ɗaure ta shekara biyu, ko da abin da ta faɗa gaskiya ne.

Li Cingjau ta san dokar nan sarai, ta kai ƙara. Aka bincika aka tarar gaskiyarta, aka tuɓe Jang Rujo aka kore shi zuwa can ƙuryar kudu, aka raba auren bayan kwana wajen ɗari. Ita ma aka kulle ta yadda doka ta ce. Wani babban malamin fada mai suna Ci Cungli ya sa baki, aka sake ta bayan kwana tara. Ta sami 'yancinta, amma mutane suka yi ta yi mata ba'a saboda ta sake aure da girmanta. Wani malamin zamanin ya shaida cewa cikin matan daular ba mai kamarta wajen iya waƙa, amma a wuri guda ya zarge ta da rashin kamun kai. Bayan ƙarnuka waɗansu malamai masu ƙaunar waƙoƙinta suka yi ƙoƙarin nuna wai auren nan bai taɓa aukuwa ba, don a ganinsu abin kunya ne. Yawancin masana na yanzu sun yarda ya auku.

Ƙarshen rayuwarta

Daga nan ta zauna yawanci a Hangjo, wanda ya zama sabon babban birnin Sung. Ta tattara takardun littafin mijinta na fari, ta gyara su, ta rubuta masa jawabin rufewa, inda ta ba da labarin yadda suka tara kayansu da yadda suka watse. Daga jawabin nan ne aka san yawancin abin da kuka karanta yanzu. Daga baya ta miƙa littafin ga fada, har yau kuwa masana tarihi suna amfani da shi.

Waƙoƙinta na tsufa sun bambanta da na ƙuruciya. Suna maganar kaɗaici, da yayyafin maraice, da kewar gida. Ta kuma yi waƙoƙin da ba a saba ji daga bakin mata ba, watau na sha'anin mulki. A ɗaya daga cikinsu ta yabi wani jarumi na da, wanda ya gwammace mutuwa da ya haye kogi ya tsira bayan an ci shi da yaƙi. Kowa ya gane da manyan da suka bar arewa suka gudu take.

Mawaƙin nan Lu Yu ya ba da wani labari game da tsufanta. Ta ga wata yarinya 'yar shekara goma sha wani abu, mai kaifin basira, ta nemi ta koya mata fasahar waƙa. Yarinyar ta ƙi, domin a saninta wannan ba aikin mata ba ne. Lu Yu kuwa yabon yarinyar yake yi da ya rubuta haka. Li Cingjau ta rasu wajen shekara ta 1155, tana da shekara saba'in da 'yan kai.

Yawancin abin da ta rubuta ya ɓace, waƙoƙin tsi da suka rage nata ba su kai ɗari ba. Amma 'yan kaɗan ɗin nan sun isa a lissafa ta cikin manyan mawaƙan Sin, maza da mata, har an gina gidan tunawa da ita a Jinan, kusa da wata shahararriyar maɓuɓɓugar ruwa. Ku duba, yara: kayan amalanke goma sha biyar sun tafi, wuta ta ci waɗansu, sojoji da ɓarayi sun kwashe saura. Ilmin da iyayenta suka bari ta nema tun tana ƙarama shi ne ya zauna tare da ita har ƙarshe, shi ne kuma ya kawo mana sunanta.

Tambayoyi

1. Kashi nawa malaman Sin suka kasa jama'a? Faɗi su bi da bi.
2. Yaya ake tsara waƙar tsi?
3. Me ya sa Li Cingjau ta riƙa sayen littattafan kanta?
4. Wace doka ce ta sa aka kulle ta, kuma don me ta kai ƙara ko da yake ta san dokar?
5. Ta yaya muka san labarin rayuwarta?